Facin Da Ƙafar Tsohuwata Ta Kasa Samu

Ba ya sammako. Sai hantsi ya ɗaga yake fitowa, don ya ce ba a shiga falon mutane kafin su yi shara. Jaka a kafaɗa, a cikinta wuƙa mai tsini, almakashi, lanƙwasasshiyar allura, gwangwanin gam, guntun alli, da wani tsohon mataji da rabin haƙoransa suka zube. In ya iso ƙofa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya shafa kafet da tafin hannu, gaba da baya, kamar mai shafa bayan mage. Sai ya gama wannan yake ɗago kai a gaisa sosai.

Mai Faci ke nan. Haka duk layinmu ke kiransa, har matarsa. Aikinsa gyaran kafet: wanda wuta ta ci, wanda ɓera ya ɓula, wanda ƙafar kujera ta yaga. A wannan watan ya rataye jakar, gwiwa ta ƙi durƙuso. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ban saba yabon mutum a gaban idonsa ba, 'ya'yana shaida ne. Amma wannan bawan Allah zan yabe shi yana raye yana ji.

Ku tambayi telan bakin titi, shi ya gani da idonsa. Ɗansa ya kifar da kwalbar tawada a tsakiyar falo, uban ya ɗauko bulala, Mai Faci ya shigo a daidai lokacin ya ce, "Ajiye wannan ka riƙe mini gefen nan, hannu biyu nake bukata." Kafin a gama aiki fushi ya huce, yaro ya tsira. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya tambayi wa ya yi ɓarna ba. Ya ce kafet aka kira shi gyara, ba shari'a ba. Kuma in abu ya ruɓe, zai gaya maka ya ruɓe, ya ɗauki jakarsa ya tafi, ba ya ɗinka maka ƙarya.

Kai ne mai rufa asirin falo, Mai Faci. Gidaje da yawa baƙo ya zauna a kan aikinka ya sha ruwa ya tashi bai san ka taɓa shiga ba.

To, ga abin da ya faru a gidana.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, idonta ya tafi da daɗewa. Amma wanda ya gan ta a falonmu ba zai ce ba ta gani ba. Da ƙafa take karanta kafet ɗin nan, wanda duk 'ya'yanmu suka yi rarrafe a kai. Inda gashinsa ya kwanta ya yi sumul, ta san hanyar kicin ce. Inda ya fi kauri, ta san ta kusa bango, sai ta karkata. Ba ta riƙe sanda, ba ta son a kama mata hannu. Wanda ya gwada ya sha faɗa.

Rannan Auta, 'yarmu ta ƙarshe, tana guga a ƙasa aka ɗauke wuta. Ta kifa dutsen guga ta tashi. Wuta ta dawo ba kowa a falo. Sai ƙauri muka ji. Dutsen ya ci kafet kamar faɗin tafin hannu, wurin ya ƙandare, gefensa ya tattare, kuma a tsakiyar hanyar kicin. Washegari yatsan uwarsu ya sarƙe a wurin, ta tafi luu, Allah ya sa hannun kujera ta cafke.

Babban ɗanmu, wanda muke kira Babba, ya zo hankali a tashe.

"Mama, kafet ɗin nan ya gama aikinsa. Gobe zan sa a naɗe shi, a shimfiɗa sabo mai laushi."

Ta ce, "Ka naɗe shi ka naɗe ni a ciki. Sabon naka ya san hanyar kicin?"

"Mama, faɗuwa fa kika kusa yi."

"Kusa na yi. Kai sau nawa ka faɗi a kansa kana koyon tafiya, na jefar da kai?"

Mun yi dariya, amma ni na san maganar ba ta dariya ba ce. Yaron yana da gaskiya, ƙashin tsufa ba ya son ƙasa. Ita ma tana da gaskiya: ranar da aka ɗauke kafet ɗin nan, ta zama baƙuwa a ɗakinta, sai an ja ta. Na aika a kira Mai Faci.

Ya zo, ya shafa, ya saurari kowa. Sannan ya ce da Babba, "Ɗana, ban ga laifinka ba. Mu yi haka: in na gama, Hajiya ta taka. In ƙafarta ta gane wurin, ni da kaina zan taya ka naɗewa."

Babba ya ce ya yarda. Tsohuwata ta ce, "Ka dai san ƙafar da ka yi caca da ita. Ƙwayar shinkafa ba ta ɓuya mini a falon nan."

Yadda aka saba, a ƙarƙashin kabad ake yanko abin faci, inda ido ba ya kaiwa. Babba ya tuɓe agogo suka ja kabad tare. Mai Faci ya shafa wurin ya girgiza kai.

"Wannan yaro ne ɗanye, ba a taɓa taka shi ba. In na sa shi a hanyar Hajiya, tsaye zai yi kamar ciyawa. Tsoho nake nema sa'an hanyar."

Ya bi falon da rarrafe, ido a rufe, tafin hannu a ƙasa. Ya je bakin taga ya dawo. Ya je bayan ƙofa ya dawo. Sai ga shi a gabana, ina zaune a kujerata da ba mai zama a kai sai ni.

"Malam, ɗaga ƙafarka."

Na ɗaga. Ya shafa inda dugadugaina suka shekara suna gogawa, ya yi murmushi.

"Hajiya, kina takowa nan gaban kujerar Malam?"

"Me zai kai ni? Nan ai fadarsa ce, daga nesa muke gaisuwa."

"To, Malam, za ka ba ta?"

Na ce, "In ta ƙare a kaina, yanka."

Nan na ga aiki. Ya ɗora murfin gwangwani a kan ƙunar, ya buɗe gashin da mataji, ya bi da wuƙa ta tsakanin layi don kada ya aske ko sili ɗaya. Da murfin nan ya auna gaban kujerata ya yanka daidai. Kafin ya ɗaga, ya ja kibiya da alli a bayansa, don gashin kafet yana da inda yake kwanciya, in ka juya shi ƙafa za ta ji ko ido bai gani ba. Ya zura ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin ramin, ya shafa gam, ya kwantar da facin, ya kama bakin da allura, ya taje gefe da gefe har gashin ya shiga juna. Ramin gaban kujerata kuma ya cike shi da ɗanyen nan na ƙarƙashin kabad.

Auta tana raɓe a ƙofa tun safe, ido ya yi ja. Ya ce, "'Yata, kawo mini dutsen gugar nan." Ta kawo jiki a sanyaye. Ya ɗora shi a kan facin, da sanyinsa, don ya danne.

"Shi ya yi ɓarna, shi zai yi gadi har gobe."

Ranar ce Auta ta fara dariya tun da abin ya faru.

Washegari da hantsi ya dawo, Babba ma ya zo. Aka ɗauke dutsen guga. Tsohuwata ta tashi daga kujerarta, ba takalmi, ta nufi kicin. Ba mai tari. Ta wuce. Ta juyo ta sake bi a hankali tana jan tafin ƙafa. Ta tsaya nesa da wurin tana murza babban yatsa.

"Nan ne."

Auta ta fashe da dariya. "Mama, kin wuce shi tuni!"

Tsohuwata ta koma baya, ta taka shi da ƙafa biyu, ta tsaya a kansa cak, ta ce, "Mai Faci, kai fa mugu ne. Ina ka kai mini ramina?"

Babba ya rungumi Mai Faci, ya ce, "Baba, na sallama."

Da aka gaya mata a kan facin take tsaye, sai ta juyo inda ta san kujerata take.

"Shekara da shekaru ina cewa ka tashi ka motsa jiki, ashe aiki kake yi mini a zaune."

Kai ne ka yi wannan, Mai Faci. Ba ka ba ɗa kunya ba, ba ka bar uwa ta faɗi ba, ka share wa Auta hawaye ba tare da ka ambaci laifinta ba. Na gode. Allah ya sauƙaƙa maka gwiwar nan da ka ƙarar a falon mutane, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Ku kuma masu gwiwa lafiya, da ku nake. Abu ya ɗan huje ku ce a jefar, ba ku tambayi wanda yake rayuwa a kai ba. Mutumin nan yana nan ƙofar gidansa kullum da hantsi, bakinsa bai gaji ba, jakar tana rataye a ƙusa. Ku je ku gaishe shi, ku durƙusa ya nuna muku yadda ake shafa abu kafin a sa masa wuƙa. Kada ku bari sai an neme shi an rasa.

Yanzu haka da nake wannan rubutu, dugadugaina suna kan ɗanyen facin nan, ya fi sauran falon haske, kowa ya shigo sai ya gan shi. Babba ya ce a ja kujera a rufe shi. Na hana. Ina murza shi kullum, ko za a sake bukata. Ga tsohuwata can ta nufi kicin, ba sanda, ba mai riƙe mata hannu.