Uwar Kaset da Kaka Ta Ɗaure

A shekarun farko na mulkin farar hula, lokacin da Kurudu take gonaki da 'yan gidajen bulo jefi-jefi, mahaifinmu ya sami fili ya yi gini muka tare. Kullum da asuba yake fita ya kama motar zuwa ma'aikatarsu a cikin garin Abuja. Ba a jima ba Kaka, mahaifiyarsa, ta baro ƙauye ta dawo wurinmu. Ta ƙi girkin risho, ta ce tuwon da bai sha hayaƙi ba abincin asibiti ne, don haka aka kafa mata duwatsu uku a tsakar gida. Da an sauke tukunya an yi isha'i, sai mu kewaye sauran garwashin, mu da yaran maƙwabta.

Tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Baƙuwa ta iso ƙofa," mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Tana kuma da doka guda da ba ta wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. A faɗarta tatsuniya dabbar dare ce. In ya zama dole a fito da ita da rana, sai a zari ciyawa daga jinkar ɗaki a ƙulla, an ɗaure ta ke nan, in ba haka ba mai bayarwa da mai saurare duk ɓata za su yi. Rufin gidanmu na kwano ne, ba ciyawar zara, saboda haka maganar tatsuniyar rana ba ta ma taɓa tasowa ba.

Wadda muka fi roƙonta ita ce ta hanya. Wai a da can hanya tana da rai. Da rana takan miƙe a yi ta tafiya a kanta, da dare kuma ta naɗe kamar maciji ta kwanta a gindin tsamiya. Wanda dare ya yi masa a daji sai ya tsaya ya rera, "Hanya, hanya, ina kika kwana?" Ita kuma ta amsa, "Gindin tsamiya, taho in kai ka." Sai ta warware ta kai shi har ƙofar gidansu. Wani mutum da ta taɓa taimako ya ga abin ya isa a nuna wa jama'a, ya tsaya tsakiyar kasuwa da rana tsaka ya rera. Hanya tana cikin aikinta ta ji ana kira, ta ruɗe, ta juyo da kanta ta amsa. Ran nan wanda ya nufi gabas ya tsinci kansa a yamma. Shi kuwa mai kiran har yau yana tafiya, bai kai gida ba. Kaka ce ke rera kiran, mu muke amshi, wani lokaci da baki cike da gyaɗa.

Yayana Auwal ya girme ni sosai, ya gama sakandare yana jiran jami'a. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗan rok, irin mai jita ta lantarki da ganguna masu ƙara. Mai gangar Bitrus ne, ɗan Filato, a cocinsu ya koya. A wani kangon gini bayan gidanmu suke gwaji da aron janareta. Kaka ta ce ita dai abin da take ji shi ne an saki awaki a ɗakin kwanuka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban taɓa jin abin da ya motsa ni kamarsa ba, ko da yake ba zan rantse cewa sun iya ba. Yaro ne ni, kuma yayana ne.

Da suka tashi haɗa kaset ɗinsu na farko, Yaya Auwal ya roƙi Kaka ta bari ya ɗauki muryarta. Ta yi masa tsiya irin ta kaka da jika, ta ce miji ne shi marar cefane, sai roƙo, sannan ta yarda. Ya ajiye rikoda kusa da murhu. Ina jin a nan kuskuren ya shiga, ba kuma da mugun nufi ba. Ita ba ta tambayi yaushe za a riƙa sawa ba, don a tunaninta ba mai hankalin da zai kunna tatsuniya da rana. Shi ma bai kawo dokar a ransa ba, don a wurinsa waƙa ce.

Haka kaset ɗin yake farawa. Ƙarar itace a wuta, tarin Kaka, sai muryarta ita kaɗai tana tambayar hanya inda ta kwana. Mu amsa, har ana jin muryata ta riga ta kowa fita, don tun ina ƙarami nake tsoron makara. Sai ɗan shiru, sannan jitar Yaya Auwal ta faɗo kamar an yaye kwanon rufi. Sauran waƙoƙin na tipa da ƙurar sabon titi ne da jiran mota a Nyanya, Hausa da Turanci a cakuɗe. An buga kaɗan, wani mai shagon kaset a Karu ya karɓa, abin mamaki kuma suka fara tafiya.

Wata ranar kasuwa Kaka ta je Karu sayen daddawa, ni ke riƙe mata kwando. Rana na tsaka muka zo wucewa ta gaban wani shagon aski, sai ga muryarta daga lasifika. Ta tsaya cak. Ta damƙe wuyan hannuna, ba ta sake ni ba har muka shiga gida.

Daga ranar baƙuwa ta daina zuwa. Ana gama tuwo take yayyafa wa garwashi ruwa ta shige ɗaki. Da aka matsa mata, ta ce ba fushi take ba. Dabbarta ce take yawo a sake cikin gari, in ɗan wani ya ɓata, a wuyanta yake. Mahaifinmu ya yi mata bayani cewa camfi ne, ta ce ta ji, ba ta kuma fito ba.

Bitrus ne ya zo ya durƙusa a ƙofarta, da Hausarsa ta barikin Abuja, ya ce waƙan ya riga ya shiga gari, ba yadda za a tattaro shi. Kaka ta tambaye shi yadda kaset ɗaya yake zama da yawa. Ya ce akwai uwa, daga ita ake juyo sauran.

"To ai da sauƙi," in ji Kaka. "In ka ɗaure uwar akuya, 'ya'yan ba sa nisa. Ku kawo min uwar."

A daidai makon ne mai shagon Karu ya aiko cewa kaya sun ƙare, a kawo uwar a sake juyowa, har wani mai gidan rediyo ya yi tambaya. Yaya Auwal ya yi kwanaki yana shiga yana fita da kaset ɗin a aljihu. Wata yamma bayan magariba ya ajiye shi a gabanta. Ta zaro tsinken tsintsiyar laushi, tun da ba jinka, ta jiƙa shi da ruwa, ta naɗe gidan kaset ɗin ta ƙulle tam. Ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, maigida. Kar ka kwance ina raye." Sannan ta tona garwashi ta ce baƙuwa ta iso ƙofa.

Ba a sake juyo kaset ɗin ba, ƙungiyar kuma ba ta yi na biyu ba. Ba zan ce ƙullin ne ya jawo ba. Jami'a ta ɗauki Yaya Auwal, Bitrus ya koma Jos, faifan CD ya kori kaset. Wataƙila da ma haka za ta kasance. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama, ya ce in bar tone-tone.

Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Uwar kaset tana wurina, don a gidanmu ni ake ba ajiya, an san ba na yar da ko ledar burodi. 'Ya'yan kuwa na nema ban samu ba, na Bitrus ma rediyo ya tauna. Ban ce ƙullin ya ci ba, amma dai ba su yi nisa ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar hanya a matsayin gargaɗi ga mai son nuna kai. Yanzu da nake ɓata a unguwar da na girma, saboda tituna sun sauya, tsamiyoyin duk an sare, sai nake ganin kamar wani abu take faɗa: akwai abin da yake kai ka gida ne kawai in ka kira shi a lokacinsa, cikin mutanen da suka san amshi. Ban tabbata haka take nufi ba.

Bara na kai kaset ɗin wani shago a Wuse inda ake mayar da tsohon sauti cikin waya. Sharaɗinta ya faɗi, tun da ba ta raye, na kuma auna hakan sau da yawa kafin in fita. Yaron shagon ya juya shi, ya ce, "Oga, wannan sai an yanke," ya ɗauko almakashi. Tsinken ya bushe, ba zai kwantu ba sai dai ya karye. Muryarta tana ciki, ƙullin hannunta yana waje, kuma ƙarfe ɗaya na rana ne. Na ce masa zan dawo.

Da daren, bayan isha'i, na kashe talabijin na zaunar da 'yata a baranda. Na ce mata baƙuwa ta iso ƙofa. Ta tashi da gudu za ta buɗe get. Na kamo hannunta na zaunar da ita, na fara koya mata amsar.