Ranar da Dalhatu Ya Yi Shiru

Dalhatu ɗan Gagarawa ne, amma a Maigatari ya yi suna. Rumfar kallo gare shi a bayan tashar manyan motoci, kuma ba talabijin ɗinsa ke tara mutane ba, bakinsa ne. Yakan zauna a gefe yana fassara fim, ya yi muryar mace, ya yi ta ɓarawo, ko jaki ne ya gifta sai ya sa masa magana. Da wannan ya yi aure, da shi yake riƙe da mahaifiyarsa.

Bana muryar ta dushe. A asibiti aka ce ya huta da magana, in ba haka ba ta tafi ke nan. Ga Alhamis, ranar kasuwa, ta matso.

Ismail mai tura finafinai a waya ya ba shi wani tsohon fim ɗin barkwanci na Amurka, baƙi da fari, wanda ba a magana a ciki. Dalhatu ya kalla shi kaɗai. Jarumin, wani dogo mai fuskar tausayi, gwani ne: ya saɓa tsani ya juya, ya kwashe mutane bai sani ba. Amma da zarar ya fita, fim ya mutu. Sai wata budurwa da saurayi su yi ta kallon juna, rubutun Turanci na fitowa.

Ranar Alhamis bayan la'asar rumfa ta cika da direbobi da dillalan shanu. A wurin tsani an yi dariya har da dukan benci. Can jarumin ya fita, wuri ya yi tsit.

"Dalhatu, yau azumin magana kake?" in ji Alhaji Hussaini, wani direba daga Damagaram. "Me yarinyar nan ke cewa?"

Dalhatu ya shafa maƙogwaronsa. Mutum biyu sun riga sun miƙe.

"To, ni na sani," in ji Alhaji. Ya maƙe murya: "Haba Habibullah, ina turmin zanen da ka yi mini alkawari?"

Rumfa ta kece da dariya. Wani dillali ya amsa daga baya da muryar saurayin, waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Dalhatu ya jingina da bango yana kallo ana yin aikinsa.

Da aka tashi, Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Mako mai zuwa ka samo irinsa. Amma fa ni ne yarinyar."