Yadda Aka Yi Miya da Rabin Digirina

Likita na so in zama. Sakamakon jarrabawata ta sakandare bai yarda ba, sai jami'a ta ce in zo in karanta bayoloji, wato ilimin halittu masu rai. Da na yi wa Mma bayani, abu ɗaya ta tambaya, ko a can ma ana saka farar riga. Na ce ana sakawa a ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce to ai duk ɗaya ne. Kafin sati ya zagayo rabin unguwarmu ta Moshi Zango ya ji cewa 'yar mai koko ta tafi karatun asibiti, ni kuma ban ga dalilin bin gida-gida ina ɓata wa mutane labari mai daɗi ba.

Shekarun farko zane muka sha. Na zana kifi, na zana ganye, na zana kyankyaso ta sama da ta ƙasa, kowace gaɓa da sunanta na Latin. Kyankyason da Mma ke murƙushewa da silifa a tsakar gida, ni sai da na shiga motocin haya na turoturo har biyu, na saka farar riga, kafin aka ba ni izinin kallonsa. Ban ƙi karatun ba. Wata rana ma har daɗinsa nake ji, musamman ranar da madubin ƙara girma ya faɗo hannuna ni kaɗai, ba mu taru a kansa kamar masu jiran famfo ba.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa na kansa ya rubuta. Aka raba mu ga malamai. Ƙawayena suka samu ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da na ruwan sha, abubuwan da mutum zai faɗa a gidan biki a gyara masa kujera. Ni aka haɗa ni da wani Farfesa gajere, mai shirin ritaya, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan dodon-koɗi. Irin manyan nan na daji da Asantawa ke sakawa a miya. Yana maganarsu yadda tsofaffi ke maganar jikoki.

Ya ce aikina shi ne in gano wane ganye ne ya fi sa su ƙiba: ganyen gwanda, ko ganyen gwaza da ake kira kontomire, ko ɓawon kabeji. Ya faɗi haka yana kallona kamar ya ɗora mini amanar da duniya ta daɗe tana neman mai ɗauka.

Na ce, "Farfesa, a ina zan ajiye su?"

Ya kai ni bayan sashe ya nuna mini ɗakin kiwonsu. Iska ta kwashe rufin tun kafin a ɗauke ni jami'a, kuma akwai kwamitin da ke duba lamarin. Tururuwa kam ba su jira kwamiti ba, sun riga sun tare.

"Ki kai su gida," in ji shi. "Inuwa kawai suke so da danshi. Ba su da hayaniya."

Gidanmu gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a zagaye. Duk Musulmi ne sai mace ɗaya, Ba'asantiya mai ɗinki da ke ɗakin kusa da namu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa Maame yake ce mata. Ta iya Hausa sarai, sai dai a bakinta mace da namiji duk "ka" ne. Ita da Mma sun shaƙu ƙwarai. Mma na kai mata naman layya, ita kuma tana yi wa Mma ɗinki.

Ranar da na sauke akwatunan katako uku a lungun bayan ɗakinmu, Mma ta ɗaga ragar da ke kan na farko, ta leƙa, ta mayar a hankali.

"Wannan fa?"

"Aikin makaranta ne, Mma."

"Asibitin ne ya ba ki?"

Na ce Farfesa ne. Ta je ta wanke hannu da sabulu duk da ba ta taɓa komai ba. Maame kuwa da ta leƙa, sai da ta dafa ƙirji. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin karatu mai amfani irin wannan ba.

Na saya jan farce na rubuta wa kowanne lamba a bayan ƙoƙonsa, don kada in rikita su. Kullum da safe kafin in fita zan yayyafa musu ruwa, in kwashe kashinsu, in zuba sabon ganye. Ƙarshen mako in ɗora su a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, in auna tsawon ƙoƙon. A kasuwa masu kontomire suka fara yi mini kirari, sun ɗauka na koyi girkin Asante don na samu miji a cikinsu. Matan gidanmu suna wucewa ta bayana ina tsugune da abin awo, su ce, "Sannu da aiki, likita. Yaya marasa lafiya?" In ce da sauƙi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne na fara damuwa da su. Na san wanda ke fara fitowa in an yayyafa ruwa, na san malalacin da sai an taɓa shi. Kuma sakamako ya fara nuna kansa. 'Yan akwatin kontomire sun yi ɓul-ɓul, sun bar sauran a baya. Na fara hango kaina a gaban malamai ina bayani da sanda.

Matsala ta fara ne da damina. Dodon-koɗi in ya ji ruwan sama, yawo yake so. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Mma ta ɗauki butarta za ta yi alwala, ta tarar da ɗaya ya naɗe a hannun butar, ya miƙe ƙahonninsa yana kallonta. Ba ta yi ihu ba. Mma ba ta ihu. Ta kira ni da cikakken sunana, ta nuna mini shi da haɓa.

"Zo ki ɗauke ɗan ajinku."

Na ɗauke shi, na wanke butar, na ba ta haƙuri, na ƙara duwatsu a kan ragar. Ta sayi sabuwar buta a ranar, tsohuwar kuma ta ce in riƙe, tunda mun saba da juna. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ni kuma da iliminna na jami'a na ɗauka magana ta wuce.

Ana cikin haka sashe ya shirya mana tafiyar 'yan kwanaki zuwa daji, mu je mu ga itatuwan da muka daɗe muna haddace sunayensu. Dole ne kowa ya je. Na roƙi Mma ta riƙa zuba musu ganye, na nuna mata wane ganye ne na wane akwati. Ta saurare ni da kyau, har da gyaɗa kai.

"Je ki abinki," ta ce. "Zan kula da su."

Da na dawo, ko jaka ban ajiye ba na wuce lungu. Akwatin gwanda lafiya. Akwatin kabeji lafiya. Akwatin kontomire an share shi tas, an wanke, an kife shi a rana ya bushe.

Na samu Mma tana tace gasarar koko.

"Mma, ina 'yan akwatin tsakiya?"

"Sun tafi."

"Ina suka tafi?"

"Ni na san inda dodon-koɗi ke zuwa? Ke ce mai karatunsu."

Ban kai ga ba ta amsa ba Maame ta fito daga ɗakinta da zare a wuya, ta rungume ni. Ta ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya ba ni miji nagari. Dangin marigayi mijinta ne suka zo daga ƙauye ba sanarwa, ba ta da abin da za ta fita kunyarsu da shi, sai ga Mma da roba cike, ta ce in ji ni, na gama da waɗannan.

"Ka iya kiwo, 'yata," ta ce. "Surukina har ya tambaya a wace kasuwa na samu. Na ce daga jami'a suke."

Na juya na kalli Mma. Tana ta tace gasara, fuskarta fes kamar ta mai sauraron wa'azi. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ai maƙwabci yana da hakki, kuma masu ƙibar ta zaɓa don ba a kyauta da ramamme.

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Watanni na aiki, kuma akwatin da amsar take ciki shi ne ya bi fufu, tuwon Asantawa. Can Maame ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta fahimci akwai abin da bai daidaita ba. Ta miƙo mini leda. Ƙoƙunan ne, ta wanke su ta adana, don ta ga na yi musu ado da jan farce, ta ce wataƙila ina so in yi wani abu da su. Kowanne da lambarsa, ko ɗaya bai fashe ba.

Washegari na kai wa Farfesa ledar, na zazzage a kan teburinsa, na faɗa masa duk yadda aka yi. Na shirya jin faɗa. Ya ɗauki ƙoƙo ɗaya ya juya shi, ya ɗaga shi sama ya duba girmansa.

"Da wace miya?" ya tambaya.

Na ce ban tambaya ba.

Ya girgiza kai, ya ce irin wannan girman miyar kwakwa ta fi dacewa da shi. Sannan ya tuna shi malami ne. Ya ce nauyi kam ya tafi, amma tsawon ƙoƙo yana nan, in auna su in yi amfani da shi, in haɗa da awon makonnin baya. Na ce to me zan rubuta a kan dalilin mutuwarsu. Ya yi tunani kaɗan.

"Ki rubuta cewa wata dabba mai farautarsu ta shiga akwatin. Ba ƙarya ba ne."

Haka na rubuta. Ranar kare bincike na saka farar riga, na tsaya gaban malamai da zane-zanena. Komai na tafiya daidai har wani baƙon malami da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe shafin ya ɗora yatsa.

"Wace irin dabba ce ta cinye akwati guda, ta bar biyu?"

Na ce, "Dabba mai shayarwa ce, ranka ya daɗe."

"Ɓera?"

"Ta fi ɓera girma."

Farfesa ya kama tari, ya ce lokaci ya ƙure, akwai sauran ɗalibai a waje. Baƙon ya rubuta wani abu, ya ce nan gaba in riƙa saka raga mai ƙarfi. Na ce in sha Allahu.

Na ci, da maki mai kyau ma. Ilimi ya tabbatar da cewa kontomire na sa dodon-koɗi ƙiba, kuma dangin mijin Maame shaida ne, ko da yake ba a saka su cikin waɗanda aka yi wa godiya ba. Sauran akwatuna biyun, Farfesa ya ce dukiyar sashe ce, dole a mayar. Ya zo har Moshi Zango da kansa, ya gaisa da Mma cikin ladabi, aka loda su a but ɗin motarsa. Ban ƙara ganinsu a sashe ba, kuma ban tambaya ba. Mma ta wanke lungun da ruwan zafi ta jera buhunan gawayinta a wurin.

Yanzu kimiyya nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Kwadaso. Har yau Mma ba ta taɓa yarda ta yi wani abu ba. In maganar ta taso, cewa take yi ta taimaki baƙi, ta kuma rage mini aiki. Maame ta tsufa, ido ya hana ta ɗinki. Kwanaki na je gaishe ta, na ce mata ina tunanin komawa in yi digiri na biyu. Ta yi murna sosai, ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a mai tsawo cikin yarensu na Twi. Da ta gama ta sassauta murya, ta tambaye ni ko a jami'ar ana karatun ƙaguwa.