Dakta Ashiru, Wanda Ya Hana a Yanke Mana Gaisuwa

Dakta Ashiru ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin titi a Gwarinpa ina jiran motar ofis. Matarsa, Hajiya Binta, ita ta kira. Ta ce, "Rifkatu, sai haƙuri. Malaminki ya riga mu gidan gaskiya." Ban san lokacin da na zauna a dakalin wani mai shago ba.

 In kun ga kuskure a rubutun nan, ku yafe ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin kwamfuta ne a jami'a. Ni kuma ina sashen kwamfuta na wani kamfanin kayan gini, ofishinmu a cikin gari, sito da manyan motocinmu a Dei-Dei. Binciken haɗin gwiwa tsakanin jami'arsu da kamfaninmu ne ya haɗa mu. Kuma ranar Alhamis ɗin nan daraktocinmu za su zauna su yanke ko aikin da muka yi zai ci gaba ko za a rufe shi. Da ma shi ne zai tsaya ya kare shi a gabansu.

Bari in gaya muku aikin.

Muna da wata babbar manhaja da ke riƙe da komai na kamfani: oda, siminti da rodin da ke sito, wace mota ce ta ɗauki kayan wa. Amma 'yan ofis kaɗai ke taɓa ta. Direba zai maƙale a hanyar Zuba, ba za mu sani ba sai kwastoma ya kira yana zazzaga mana masifa.

Dakta ya ce a jona mata wani ɗan dandali irin wannan da kuke karanta ni a kai. Kowa, daga direba har manaja, ya rubuta gajeren saƙo daga wayarsa, saƙon ya je ya manne da odar da ake magana a kai. Ya sa masa suna Zaure.

Ni aka ba shi in taya shi. Tun ranar farko yake ce mini Injiniya. Na ce, "Dakta, ni fa ba injiniya ba ce." Ya ce, "To ni ma ba na yi wa kowa allura, amma ga shi kina ce mini Dakta."

Ni Kirista ce, shi Musulmi. Bai taɓa kirana ranar Lahadi ba, ko da komai ya tsaya cak.

Da azumi yakan aika a sayo mini shinkafa da rana. In na ce kunya nake ji in ci a gabansa, sai ya ce, "Ni ke azumi, ba ke ba. Ci ki ba ni aikina."

Da takardar bincikenmu ta fito, sunana na gani a gaba da nasa. Na je na ce an yi kuskure. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wa ya rubuta manhajar?"

To, da aka buɗe Zaure sai muka ci karo da abin da ba mu zata ba. Mun ƙayyade tsawon saƙo, 'yan kalmomi kaɗan, don kada a cika surutu. Mutanen Dei-Dei kuwa ba sa yi wa babba magana ba gaisuwa. Akwai tsohon direbanmu, Baba Luka, mutumin Filato. Ga irin saƙonsa:

"Sannu Oga, ina kwana. Ya gida, ya Madam da yara? Ya gajiyan jiya? Allah ƙara girma. Dama wannan mota da ya ɗauki simin"

Shi ke nan, wuri ya ƙare!

Ofis aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Motar kuwa tana can gefen hanya da fasasshiyar taya, ba wanda ya san inda take.

Shugaban kamfaninmu, Alhaji, ransa ya ɓaci. A mitin ya ce, "Dakta, wannan zaure ne ko gidan suna?" Ƙwararrun da ke kula mana da babbar manhajar, waɗanda ake ɗaukowa daga Legas, suka ce abu ne mai sauƙi: a hana gaisuwa. Lambar oda, matsala, aika.

Dakta bai yi musu da kowa ba. Washegari ya ce mini, "Injiniya, sa takalmin da ba kya tausayi, Dei-Dei za mu."

Muka wuni a can. Mutumin da ke koyar da masu neman digiri na uku, ga shi zaune kan buhun siminti, babbar rigarsa ta yi furu-furu, yana shan kunun aya da direbobi da masu lodi. Tambaya kaɗan ya yi. Sauraro ya fi yawa.

A hanyar dawowa ya ce mini wata magana da ba zan manta ba. "Wanda zai kai wa babba labari marar daɗi, da gaisuwa yake lallaɓawa ya isa. In kika hana shi ita, shiru zai yi. Kuma shirun nan ne ke cinye kamfani."

Sai muka gyara na'urar, muka ƙyale mutanen yadda suke. Gaisuwa ta daina cin wuri. Manhajar ta koyi tsamo labarin ta kai shi kan oda, gaisuwar kuma ta isa ga mai ita yadda aka rubuto ta. Mun sha wuya kafin ta iya rabe "ya gajiya" da "mota ta gaji", Allah shaida.

Saura matsala ɗaya. Manya ba sa amsawa. Gaisuwar da ba a amsa ba kuwa ta fi zagi ciwo.

Dakta ne ya ɗauki wannan. Kullum da safe, kafin ya shiga aji, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Lafiya lau, Baba Luka. Ya ƙafar, ta yi sauƙi?" Ba a cikin yarjejeniyar bincike yake ba, ba wanda ya sa shi.

Daga nan bakin mutane ya buɗe. Mai sito ya faɗi rufi na yoyo tun siminti bai daskare ba. Direba ya faɗi burki na wasa tun ba a yi lodi ba. Abin da a da ake ɓoyewa don tsoron faɗa, ya koma ana faɗinsa da sassafe.

Yanzu kamfani zai sauya babbar manhajar da sabuwa. Mutanen Legas sun ce Zaure ba zai shiga cikinta ba sai da wahala, gara a cire shi a sa akwatunan da za a riƙa dannawa. Zaman Alhamis ke nan.

Asabar da ta wuce na je gidansa. Ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, ya rame sosai, amma bakin nan na tsokana yana nan. Ya sa ni tsayawa a tsakar falo in yi bayanin kamar gaban daraktoci nake. Na fara, na sarƙe. Na sake, na sarƙe.

Na ce, "Dakta, ni fa gaban Alhaji bakina mutuwa yake yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe ke ma Baba Luka ce." Sai ya ce, "In na samu sauƙi zan zo. In ban zo ba, ke ce."

Na ce, "Haba Dakta, za ka zo mana."

 Ya dafa bango ya rako ni har ƙofa, Hajiya tana yi masa faɗa ya zauna. Ya ce in gaida Mamana.

Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu da na ɗan natsu, na buɗe Zaure. Ga gaisuwarsu nan jere, kamar kullum, ba amsa ko ɗaya. Baba Luka ya sake rubutowa: "Dakta, yau shiru. Lafiya dai?"

Nan na yi kuka na gaske. Ni na gaya musu ya rasu. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na amsa, ina share hawaye da bayan hannu.

Ban gama ba sai ga kiran Alhaji. Ya yi mini ta'aziyya, kuma na ji a muryarsa abin ya taɓa shi. Sai ya ce, "Rifkatu, zaman Alhamis fa? A ɗage, ko kuwa mu bar maganar haka nan, tunda mai ita ya tafi?"

 Bakina ya fara abin da ya saba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana. Ya gida? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Ya ce, "Lafiya lau. Haƙuri sai ma'abucinsa, an gode."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a ɗage. Ni zan tsaya."

Ban san me za su yanke ba. Tsoro kuma ina ji, ba zan ɓoye muku ba.

Za a yi jana'izarsa yau bayan Azahar. Allah ya jiƙan Dakta Ashiru, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya dubi Hajiya Binta da yaran, ya ba su haƙurin da mu ba za mu iya ba su ba.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ɗan masallaci ko ɗan coci, ya ɗan tsaya ya sa shi a addu'a. In kun gama tasa, ku ɗan rage mini kaɗan, Allah ya buɗe bakina ranar Alhamis.