Dutse Mai Ƙwan Kifi

Ko na tsufa na manta inda na ajiye tabarau, ba zan manta ranar da aka zo duba koyarwata a Argungu ba. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ina ɗalibin kwalejin malamai, an turo ni gwajin koyarwa. Mai dubawar kuwa an san shi da kayar da mutane, wanda ya kayar sai ya maimaita shekara.

Darasina na yanayin duwatsu ne. Na karanta cewa akwai dutsen da Turawa ke kira oolite, sunan daga Girkanci, wato ƙwai da dutse, don ƙwayoyinsa kamar ƙwan kifi suke. Na samo guntunsa wurin masu haƙar rijiya, na sayi ƙwan kifi a kasuwa, na shiga aji ina ji da kaina. Ni ɗan gidan malamai ne a Birnin Kebbi, kifi a miya kawai na san shi.

Ina cikin zuba Girkanci sai wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, wanga ƙwan tarwaɗa na. Bai yi kama da dutcinka ba."

Na manta rabin ajin 'ya'yan masunta ne. Nan take gardama ta kaure, wasu na cewa ƙarfasa, wasu giwan ruwa, har da mai rantsuwa da sana'ar kakansa. Daga nan suka juyo kaina, wai wane kifi Girkawan ke nufi? Mai dubawa na baya yana ta rubutu. Ƙiris ya rage in ce kifin Turai ne, amma kunya ta hana ni. Na ce ban sani ba, su gaya mini.

Sai ga mai dubawar ya taso. Na ce a raina shi ke nan, tawa ta ƙare. Ya karɓi dutsen, ya jujjuya shi a hasken taga, ya ce, "Ƙarfasa ta. Wa ac ce giwan ruwa?" Ashe shi ma ɗan masunta ne. Har aka kaɗa ƙararrawa yana musu da yara, ni ina riƙe masa allon dubawarsa.

Na ci gwajin. Ya ce da na ƙirƙiro musu kifi, da ya kayar da ni. Tun ranar na gane malami ba ya faɗuwa don ya ce bai sani ba, faɗuwa tana ga yi wa masunci ƙaryar kifi.