Hutun da Muka Bi Hanyar Anacha

In dai ina numfashi, ba na jin akwai ranar da zan manta dogon hutun daminar da muka bar Fatakwal, ni da ɗan baffana. Yau furfura ta cinye min kai, amma in na tuna sai in ga kamar jiya aka yi.

'Yan shekaru ne bayan an gama yaƙin basasa. Mun dawo unguwar Diobu a Fatakwal daga Kano, inda muka yi gudun hijira, Baba ya koma sana'arsa ta kawo shanu mayanka, gari kuwa yana tashen kuɗin mai. Ko ina ka duba sabon gini ne da sabuwar mota, ga Turawan kamfani suna yawo da gajeren wando. Tare da ɗan baffana muka dawo. Mahaifinsa, yayan Baba, fataucin albasa yake yi a Anacha, kuma a rikicin da aka yi kafin yaƙi ya ɓata, ko gawarsa ba a gani ba. Mahaifiyarsa kuwa tun yana goye ta rasu. Sa'ana ne, ɗakinmu ɗaya, ajinmu ɗaya a sakandare.

Amma a idona ba ɗaya muke a gidan ba. In an yanka kaza, cinya tasa ce. In muka makara a filin ƙwallo, ni ake ja wa kunne, shi kuma a ce ya je ya ci abinci kada ya huce. Ban tsane shi ba, don yaro ne mai sanyin hali, amma sanyin nan nasa ma haushi yake ba ni.

Ni kuwa a shekarar babu abin da ke raina sai Legas. Wani ɗan ajinmu ya je ya dawo yana ba mu labarin gadoji a saman gadoji, da jiragen ruwa jere a teku suna jiran layi. Duk samarin yankinmu na Mile 2 sai da na gaya musu cewa hutun nan Legas na nufa.

Wata rana bayan la'asar Baba ya kira mu bakin shagonsa. A gefensa akwai wata jakar goyo ta tamfol, koriya, mai aljihu ta ko'ina da maɗaurai na fata. Wani Bature ne da zai koma ƙasarsu ya sayar da kayansa, Baba ya saya. Tun da nake ban taɓa ganin abin da ya shiga raina kamar jakar nan ba.

Baba ya ce, "Kun yi ƙoƙari a jarrabawa. Hutu dogo ne, ku fita ku ga duniya. Duk inda kuka zaɓa akwai direbobinmu da mutanenmu."

Na buɗe baki ke nan, sai ya ɗauki jakar ya miƙa wa ɗan baffana. "Riƙe. Kai za ka zaɓa muku."

Na zuba masa ido, don ya san abin da nake so, a kunnensa nake kwana ina zancen Legas. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, Anacha nake so."

Na ce, "Anacha? Duk faɗin ƙasar nan ka rasa inda za ka kai mu sai kasuwar albasa?"

Baba bai ko kalle ni ba. Ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Na shiga gida ina huci, na tarar da Inna tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, don Allah gaya min gaskiya, ni ɗan riƙo ne a gidan nan?" Ta ɗago ta harare ni ta ce, "Rufe min baki, kada in sake jin wannan magana." Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ni kuma na ɗauka ita ma tana bayansa.

Muka hau bayan motar shanu da za ta koma ba kaya. Tun daga tasha na ɗaure fuska. Ya ce, "Karɓi jakar ka goya, ai kayanmu ne duka a ciki." Na ce, "Ba na so. Wanda aka ba shi ya goya." Duk wanda ya kalli jakar a hanya ya yaba, sai in ji kamar ya zage ni.

Da muka isa Anacha, a kasuwar Ose Okwodu muka sauka wurin wani dattijo mai sayar da barkono, abokin marigayi baffana. A nan na fara jin abin da ya kawo mu. Ashe wata mata Inyamura yake nema, mai sayar da manja, wadda rumfarta ke maƙwabtaka da ta mahaifinsa. Ranar da gari ya rikice ita ta ɗauke ɗan baffana, yana ƙarami, ta ɓoye shi a ɗakinta a bayan garewanin manja, har ta samu motar da za ta arewa ta saka shi. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma bai taɓa gaya min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Dattijon ya ce tun lokacin yaƙi ta koma ƙauyensu ta hanyar Inugu, kuma bai san ko tana raye ba.

Muka bi mota har inda kwalta ta ƙare, sauran da ƙafa. Ruwa ya dake mu, jar laka ta cinye mana takalma, muna tafe muna tambaya da Turancin buroka. Ni dai ina baya ina ƙunƙuni, ina tunanin gadojin Legas.

Mun same ta a tsakar gida tana fasa ƙwarar manja da dutse, ta tsufa ta rame. Muka gaishe ta. Ta ɗago, ta kalle mu, sai dutsen ya suɓuce daga hannunta. Ta miƙe da gudu, ta wuce ɗan baffana kamar ba ta gan shi ba, ta rungume ni.

"Nwa m! Nwa m!" take cewa, wato ɗana. Tana kuka tana shafa min fuska, ta ce da 'yar Hausar da ta koya a kasuwa, "Fuskan baba naka, duka, duka!"

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Yau ga wani abu an ba ni an hana shi. Sai na hango shi ta saman kafaɗarta, yana tsaye a jiƙe, yana kallon hannunta a kan fuskata. Nan take na gane kallon, don na san shi ciki da waje: irin kallon da nake yi masa ne a gida kullum.

Na zame jikina na ce, "Mama, no bi mi o, na him," wato ba ni ba ne, shi ne. Ta juya tana shakka. Shi kuma sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata tabon ƙuna da manja mai zafi ya yi masa a rumfarta yana ƙarami. Ta durƙushe a ƙasa ta riƙe ƙafafunsa. Ban taɓa jin kuka irin na ranar ba, har maƙwabta suka cika gidan.

Mun yi kwanaki a wurinta, tana ɗura mana doya da miyar ganye. Amma ko tana hira da shi, sai ka ga idonta ya dawo kaina.

A hanyar Inugu, muna zaune a bayan wata motar katako, ya ce min, "Ka san ba na iya tuna fuskar Babana? Kowa cewa yake kai ka ɗauko shi, ni uwata na biyo. Kullum da safe in kana wanke fuska sai in tsaya ina kallonka, ina cewa me ya sa ba ni aka ba ba."

Na juya ina kallon daji don kada ya ga idona.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, in ka ga an cika wa wani hannu, kafin ranka ya sosu ka tambayi abin da aka fara raba shi da shi. Na yi shekaru ina ƙirga abin da ake ba shi, shi kuma yana gefena yana kallon abin da aka haife ni da shi, wanda babu kasuwar da zai je ya samo.