Bayan Ƙafar Dattijo

A tsofaffin ramukan haƙar kuza na bayan garinmu na koyi iyo, kai a sama kamar kare, ido na kallon gaɓa. Da shi na zo garin Hyattsville kusa da Washington, gidan yayana, wajen tsakiyar shekarun tamanin. Yaya nas ne a wani asibiti, shi ya kawo ni in ƙarasa karatu. Ban ƙarasa ba. Aji matse ni yake yi kamar takalmin aro. Ya samo min aiki a shagon kayan abinci, na bari. Wankin mota, na bari. Abin da ya ɗan riƙe ni shi ne kai saƙo da keke a cikin Washington, don a nan ba mai ce maka zauna.

A bakin 'yan keke na fara jin labarin tirayatilon: ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka kama gudu, duk a tashi ɗaya. Na ce wannan ai don ni aka yi shi. Iyon ne matsala. Aka ce in shiga kulob ɗin manya da ke haɗuwa da asuba a wurin ninkaya na unguwa.

Yaya ne ya kai ni ranar farko. Bai kashe mota ba ya ce, "Kai, saurara. Wannan ne na ƙarshe. Ka bari ko su kore ka, duk ɗaya ne a wurina, jakarka za ka haɗa. Na gaji da yi wa Mama ƙarya a waya."

"Yaya, iyo ne fa kawai."

"Makaranta ma ai zama ne kawai."

Wurin warin maganin ruwa yake, ga sanyi, ga fitilu masu sa fuskar mutum ta yi kamar marar lafiya. An raba ruwan da igiyoyi, layi-layi. Kowane layi mutane ne ke bin juna kamar motoci, a tafi ta dama a dawo ta dama, mai sauri a gaba. Kocin wata mata ce mai kofin shayi a hannu, ba ta dariya kafin gari ya waye.

Ba a son mu a wurin, mu 'yan tirayatilon. Ba a faɗa mana ido da ido, amma kana gani. Sun ce ba ma yin iyon baya, ba ma buga ƙafa don muna ajiye wa keke ita, in bazara ta zo mu ɓace. Babban laifinmu kuwa shi ne liƙe wa ƙafar na gaba, shi ya fasa ruwa, kai ka bi a sauƙaƙe. A gasa cikin kogi wayo ne. A kulob kamar mai zuwa gidan mutane ne kullum daidai lokacin cin abinci.

Koci ta yi fama da kaina har ya yarda ya shiga ruwa. Bayan 'yan watanni ta ɗauke ni daga layin bango, na 'yan koyo, ta sa ni layin tsakiya. Wanda ke jan layin wani dattijo ne, baƙar fata ɗan ƙasar, tsohon direban bas. Ya taɓa gaya min da girmansa ya koyi iyo, don lokacin yarintarsa ba a barin irinsa shiga wurin ninkayar unguwarsu. Baba nake ce masa, shi kuma ya yi ta dariya. Tafiyarsa a ruwa ba ta canzawa, ba gaggawa ba sanyin jiki. Ina bayansa, ina kallon kumfar ƙafarsa, sai in ji abin nan da ke tsikarata tun ina yaro ya kwanta. A nan kaɗai.

To, akwai doka. In ka fi na gabanka sauri, ka taɓa ƙafarsa, shi kuma ya tsaya a bango ka wuce. Na san dokar sarai. Hannuna ne ya ƙi. A gida ko hanya kuke tafiya ba ka shiga gaban sa'an babanka, balle ka dungure masa ƙafa wai ya kauce. Sai in kamo shi, in rage hannu, in zauna cikin kumfarsa. Na bayana su taru a kaina.

Wani mai babbar murya da ke bina ya fara magana a bango, yana haki. "Ga su nan. Kaska. Ka ja layi mana ko sau ɗaya, zakaran duniya!"

Ranar wata Juma'a koci ta tsuguna a bakin ruwa daidai kaina. "Ka fi shi sauri, kowa ya gani. Ranar Litinin ka taɓa shi ka wuce ka ja layi. In ba haka ba ka nemi wani kulob."

Na ce, "Sa'an babana ne."

Ta nuna min babban agogon bango da kofinta. "Wancan bai san babanka ba."

Da na gaya wa Yaya, ko cokali bai ajiye ba. "Ni kullum sa'o'in Baba nake kira da sunansu gatsal a asibiti. Ka ga na mutu? Taɓa ƙafar, malam."

Litinin na taɓa. Tafin ƙafarsa da kaushi, irin na babanmu. Da muka kai bango ya matsa lungu, ya ɗaga tabaraunsa na iyo, ya gyaɗa min kai. Na wuce. Gabana ba kowa, sai baƙin layin da aka zana a ƙasa da ruwa mai sanyi. Na fizga da ƙarfi, na gama ina neman numfashi. Koci ta ɗaga min babban yatsa.

A ɗakin canza kaya na je na rusuna zan ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, yaro, ƙasan nan da datti. Me ya hana ka tuntuni? Na daɗe ina jin ka a baya."

Abin da ban lura ba shi ne, duk watannin nan ni ne katanga. Muddin ina bayansa, ba hannun da ke kaiwa ƙafarsa. Ina matsawa, mai babbar murya ya taɓa shi. Washegari wata mata ta taɓa. Kafin mako ya fita shi ne na ƙarshe a layin da ya yi shekaru yana ja. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, doka ce aka bi. Daga nan da kansa ya ɗauki tabaraunsa ya koma layin bango, cikin masu koyon shaƙar iska. In na juyo kai in yi numfashi ina hango shi ta ƙarƙashin igiya, tafiyar nan tasa dai, yana tsayawa yana jiran 'yan koyo su kauce. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya daina zuwa. Na tambaya, ba wanda ya san gidansa.

Ni kuwa na zauna. Ba a ƙara ce min kaska ba. Na ja layi har bazara, ban taɓa iya riƙe tafiya ɗaya ba, yau in fizga gobe in mutu a tsakiya, na baya suna tsaki. Na yi gasar tirayatilon ɗin, na gama cikin tsakiyar mutane.

Ran Lahadin da ta biyo baya Yaya ya kira gida. Ina ji yana ɗaga murya saboda layin waya ba kyau. "Mama, ya nutsu! Wallahi wannan karon gaskiya ce!" Ya miƙo min wayar. Ta tambaye ni wa ya yi min wannan aikin alheri, a gaishe shi. Na ce wani dattijo ne. Ta ce in riƙe shi da kyau. Na ce to.